Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Roger Goodell, Kwamishinan NFL: Ina Makomar Yaron Da Bai Cika Kaka Uku Ba?

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka, da masu ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin na Amurka, da kake wa jagoranci tun 2006. Ina fata wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya.

Ni 'yar Zariya ce, ma'aikaciyar jinya, na haura shekara 25 ina zaune a Houston ta jihar Texas. Na rubuto maka ne da bakina da kuma bakin wasu iyaye mata 'yan Afirka ta Yamma, daga Najeriya da Gana da Nijar da Saliyo, waɗanda muka san juna a kan bencin filayen makarantun sakandare, inda ake buga wasa duk daren Juma'a. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu masu cafe ƙwallo ne, waɗanda kuke kira risiba: siraran samarin nan masu gudu da ke tsayawa can gefen fili, su kwasa a guje, su waiwayo su cafe ƙwallon da aka jefo musu daga nesa. Da Hausa na rubuta domin ina so iyayen da ke Kano da Maraɗi da zangon Kumasi su karanta da idonsu tun kafin wani ya zo musu da takardar sa hannu. Ofishinka na New York kuwa ba zai rasa mai fassara ba.

Abu biyu ne suka sa na ɗauki alƙalami. Tun watan Afrilun 2024 ka fito fili ka ce kana son kakar wasa ta koma wasa 18 maimakon 17. Sannan kun buɗe ƙofar Afirka: sansanin neman 'yan wasa a Gana a 2022, a Kenya a 2023, a Legas a 2024. Kuna neman ƙarin wasa daga jikin yaran da ke hannunku, kuna kuma neman ƙarin yara daga ƙasashenmu, alhali akwai haƙƙin waɗanda suka riga suka wuce da ba a sauke ba.

Bari in fara bayyana hanyar kamar yadda muka taka ta, don mutanen gida su gane abin da ake magana a kai. Yaro yakan fara tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas a ƙungiyar unguwa. A sakandare samari kimanin miliyan ɗaya ke buga wasan nan a Amurka kowace shekara. Wanda ya yi fice sai jami'a ta ɗauke shi da tallafin karatu, kuma dokarku ta ce sai ya shekara uku da gama sakandare kafin ya cancanci shiga zaɓen sabbin 'yan wasa. Waɗanda aka gayyata sukan je gwajin Indianapolis, inda ake auna tsawon yaro da faɗin tafin hannunsa, a sa shi gudun yadi 40 ana riƙe da agogo. A 2024 Xavier Worthy ya yi gudun cikin daƙiƙa 4.21, ya kafa sabon tarihi. Shi zaɓen zagaye bakwai ne, mutum 250 da 'yan kai ake ɗauka, masu cafe a cikinsu talatin da wani abu. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta faɗa da bakinta cewa cikin ɗaliban da suka cancanta, ko biyu cikin ɗari ba sa samun shiga. Wanda ba a kira sunansa ba yana iya samun kwantiragi bayan an tashi daga zaɓen, ya tafi sansanin horo inda kowace ƙungiya ke tara mutum 90. A ƙarshen Agusta sai a rage su zuwa 53. Mutum 37 a kowace ƙungiya, 1,184 ke nan a faɗin ƙasa, suke tattara kayansu cikin 'yan kwanaki. Ƙungiya takan shiga sansani da masu cafe goma ko sha biyu, ta fito da biyar ko shida. Kaɗan daga waɗanda aka sallama ana dawo da su rukunin atisaye mai mutum 16, su ne ke kwaikwayon abokan hamayya duk mako domin manyan 'yan wasa su yi horo a kansu.

Ɗana na fari ta wannan ƙofar ta baya ya shiga. Ba zan kira sunansa ba, ɗan fari ne, kuma mu akwai kunya a tsakaninmu da su. Ya yi atisayen watan Agusta a ranar Texas da azumi a bakinsa yana ɗan aji ɗaya na sakandare, ni ina tsaye bayan waya ina lissafin yawan ruwan da jikinsa ke zubarwa. Ya buga wa wata ƙaramar jami'a, ba a gayyace shi Indianapolis ba, ba a kira sunansa a zaɓe ba. Waya ta shigo da yammacin ranar ƙarshe, wata ƙungiya ta ba shi kwantiragin shekara uku. Mun yi sujadar godiya a falo. Ya yi kaka guda cur a rukunin atisaye, kullum shi ne ake sa wa lambar fitaccen mai cafen ƙungiyar da za a kara da ita, masu tsaron baya suna koyon duka a jikinsa. A shekara ta biyu, a wasan share fage, ya karya kwana zai juyo sai gwiwa ta tafi, babu wanda ya taɓa shi. Ƙungiyar ta biya kuɗin tiyata, ba zan ɓoye wannan ba, ta kuma biya shi na makonnin da likita ya ƙiyasta zai yi jinya. Daga nan aka sallame shi. Yau yana da shekara 27, yana sallah a kan kujera in sanyi ya shigo, ciwon kai yakan kwantar da shi yini guda a ɗaki mai duhu. A takardunku kuwa ba shi da fansho, ba shi da inshorar lafiya, domin bai cika kaka uku ba.

Wannan maganar kaka uku ita ce babban kukana, don haka zan daɗe a kanta.

A yarjejeniyar da ke tsakaninku da ƙungiyar 'yan wasa, NFLPA, sai ɗan wasa ya tara kakar wasa uku da aka lissafa masa kafin ya cancanci fansho da inshorar lafiya ta shekara biyar bayan ya bar wasa. Kaka ba ta shiga lissafi sai yana cikin cikakken jerin ƙungiya, ko jerin masu rauni, na aƙalla wasa uku. Zaman rukunin atisaye shi kaɗai ba a ƙirga shi. To alƙaluman da aka daɗe ana ambatowa daga ƙungiyar 'yan wasa sun nuna matsakaicin daɗewar ɗan wasa a NFL shekara uku ne da 'yan watanni, na masu cafe kuwa bai ma kai ukun ba. Na san ofishinku ya taɓa fitar da wani lissafin da ya kai shekara shida, amma shi wannan daga waɗanda suka riga suka sami gurbi cikin 53 tun shekararsu ta farko yake farawa, ya tsallake irin yaranmu gaba ɗaya. Ka duba da kyau, ranka ya daɗe: an kafa shingen ne daidai wurin da ƙafar yawancin masu cafe take ƙarewa. Ko da niyya aka yi ko ba da niyya ba, sakamakon ɗaya ne. Wanda ya fi kowa buƙatar a tallafe shi, wato wanda bai daɗe ba balle ya tara wani abu, shi ne aka bari a waje.

Mutanen gida da suke jin kuɗin da ake ambatowa za su ce ai ko shekara ɗaya yaro ya yi ya warke. Kallon kitse ne ake wa rogo. Gaskiya ne Justin Jefferson ya sa hannu kan dala miliyan 140 na shekara huɗu da Minnesota Vikings a 2024, Ja'Marr Chase kuma dala miliyan 161 da Cincinnati Bengals a 2025. Sun cancanta, Allah ya sa musu albarka. Amma mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa a 2024 dala 795,000 ne, kuma shi ma sai ga wanda ya tsallake rariyar Agusta ya zauna cikin 53 har ƙarshen kaka. Ɗan rukunin atisaye dala 12,500 yake karɓa a mako a waccan shekarar, muddin yana nan, kuma ana iya sallamar sa ranar Talata da safe. A cire haraji, a cire hayar gida a garin da ba nasa ba, a cire kuɗin mai horarwa na lokacin hutu wanda shi yake biya daga aljihunsa. Kwantiragin shekara ukun da muka yi wa sujada ba shi da tabbaci: ran da aka ce tafi, sauran lambobin da ke kan takardar sun zama iska. A ƙwallon kwando na NBA yawancin kwantiragi tabbatacce ne, ko an sallami mutum sai an biya shi. Ku kuma wasanku ne ya fi cin jiki, kuma ku ne kuka sayar da haƙƙin nuna wasanni a talabijin kan sama da dala biliyan 100 na shekara 11.

Ni da nake aiki a asibitin ƙasar nan na san abin da rashin inshora ke nufi. Na san kuɗin hoton gwiwa guda ɗaya, na san kuɗin ganin likitan ƙwaƙwalwa na minti ashirin. Gwiwar da aka yi wa aiki mutum yana da shekara 24 takan dawo da ciwon gaɓɓai yana da 35 ko 40. A lokacin ko waɗanda suka cika kaka ukun ma inshorarsu ta shekara biyar ta daɗe da ƙarewa.

Kukana na biyu na kai ne, kuma a nan ina magana da ladabi domin akwai mamata a ciki.

Aikin mai cafe shi ne ya ɗaga ido sama yana bin ƙwallo a daidai lokacin da wani ƙato ke tahowa a guje daga inda ba ya gani. Babu yadda zai kare kansa, hannayensa biyu suna sama. Tun 1978 aka ga ƙarshen abin, lokacin da Darryl Stingley na New England Patriots ya sha karo a wasan share fage, ya shanye daga wuya zuwa ƙasa har ya rasu a 2007. Amma ɓarnar da ba a gani da ido ta fi yawa, kuma ɗan Najeriya ne ya fara nuna muku ita. Dakta Bennet Omalu, ɗan jihar Anambra, shi ya binciki ƙwaƙwalwar marigayi Mike Webster, tsohon ɗan wasanku, a Pittsburgh a 2002, ya buga sakamakonsa a 2005 kan cutar da ake kira CTE, wadda yawan bugun kai ke haddasawa. Likitocin kwamitinku suka nemi a janye rubutun nasa. Sai a watan Maris na 2016 wani babban jami'inku ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. Shekara 11 ke nan, kuma a cikinsu ne muka riƙa sai wa yaranmu hular kwano muna ganin ta isa kariya.

Chris Henry, mai cafe na Bengals, ya rasu a Disambar 2009 yana da shekara 26. Da aka duba ƙwaƙwalwarsa aka sami cutar, alhali ba a taɓa rubuta masa girgizar ƙwaƙwalwa ko sau ɗaya ba. Vincent Jackson ya yi kaka 12 da Chargers da Buccaneers, ya rasu a Fabrairun 2021 yana da 38, aka sami mataki na biyu na cutar. Demaryius Thomas, wanda ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, da Denver Broncos, ya rasu a Disambar 2021 yana da 33, shi ma mataki na biyu. A matsayina na ma'aikaciyar jinya ba zan ce cutar ce ta kashe su ba, kowanne da sanadinsa, kuma kwana idan ya ƙare ya ƙare. Haka nan binciken Jami'ar Boston na 2017 da ya sami cutar a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan wasan NFL, na san iyalan da suka riga suka ga alamu ne suka ba da su, don haka ba za a ce haka kowa yake ba. Amma labarin Henry shi ke hana ni barci. Ya nuna cewa ba lallai sai an ga yaro ya sume a fili ba. Ƙananan bugun da ake sha kullum a atisaye ma suna taruwa. Wa ya fi shan irin wannan bugun? Ɗan rukunin atisaye, wanda kakarsa ba ta shiga lissafi.

Akwai wani abu da ya yi mana ciwo ƙwarai, mu iyayen baƙaƙen yara. A yarjejeniyar biyan diyyar raunin ƙwaƙwalwa an yi shekaru ana amfani da ma'aunin da ya ɗauka cewa baƙar fata tun asali ƙarfin tunaninsa bai kai na farar fata ba, ta yadda sai lalacewar tasa ta fi tsanani kafin a yarda ya cancanci kuɗi. Sai da tsofaffin 'yan wasa Kevin Henry da Najeh Davenport suka kai ƙara a 2020 sannan kuka yi alkawarin daina shi a 2021. An daina, mun gode. Sai dai ita kanta yarjejeniyar waɗanda suka bar wasa kafin Yulin 2014 kaɗai ta shafa. Ɗana da sa'o'insa ba sa ciki.

Ba zan yi butulci ba. Kun sa dokar hana dukan mai cafe a kai lokacin da ba ya iya kare kansa. Kun ajiye likitocin ƙwaƙwalwa masu zaman kansu a bakin fili. Kun hana kayarwar nan ta danne ƙafafu daga baya a 2024, kun kuma yarda a sa hula mai laushi a kan ta kwano. Waɗannan sun ceci yara, na gani da idona. Duk dai a cikin fili suke aiki. Da yaro ya miƙa katin shiga ya fita ƙofa, babu wanda ke sake tambayar yadda kansa yake.

Na uku, ƙasar da ake gudu a kai. Kusan rabin filayenku ciyawar roba ce. Mai cafe da karya kwana yake cin abinci: ya kafa ƙafa, ya juya nan take. A ciyawa ta gaske ƙasa takan saki takalmin, a ta roba takan riƙe shi, sai jijiyar gwiwa ta biya. A 2020 JC Tretter, shugaban ƙungiyar 'yan wasa na lokacin, ya fitar da lissafi daga bayananku na 2012 zuwa 2018 cewa raunin ƙafa da ake samu ba tare da karo ba ya fi yawa da kashi 28 cikin ɗari a kan roba. Na san kun ce sababbin alƙaluma sun nuna tazarar ta ragu. Mu dai mun ga Odell Beckham Jr. ya faɗi a Super Bowl na Fabrairun 2022 a filin SoFi ba tare da an taɓa shi ba, bayan ya ci maki na farko a wasan, kuma bai buga kakar da ta biyo baya ba. Mun ga Sterling Shepard na New York Giants a Satumban 2022 a filin MetLife, yana sassarfa kawai ya riƙe gwiwa. An daɗe ana ce mana ciyawa ba ta yiwuwa a rufaffen fili. Amma da FIFA ta ce Gasar Kofin Duniya ta 2026 sai a kan ciyawa ta gaske, duk filayenku 11 da aka zaɓa sun amince, har da MetLife da SoFi da filin NRG da ke nan garinmu. Abin da ya yiwu saboda baƙi na wata guda zai yiwu saboda 'yan gida.

Na huɗu ba sai na tsawaita ba. Wasa na 17 ya shigo ne a 2021 ta yarjejeniyar da 'yan wasa suka amince da ita da ƙuri'a 1,019 a kan 959, ratar 60 kacal. Yarjejeniyar za ta kai ƙarshen kakar 2030. Kun ce za a rage wasan share fage zuwa biyu domin a sami na 18. Ga manyan 'yan wasa, waɗanda da ma ba sa buga na share fage sosai, ƙarin duka ne zalla. Ga yaron da ba a zaɓa ba kuwa, wasannin share fagen nan su ne kaɗai inda zai nuna kansa. Victor Cruz ba a kira sunansa a zaɓen 2010 ba. A wasan share fage ya ci maki sau uku a dare ɗaya duniya ta san shi, har ya ci Super Bowl da Giants. Kowane yaro irin nawa ya haddace wannan labarin. In aka rage wasannin, an tsuke ƙofar da Cruz ya bi.

Sai maganar Afirka, wadda ta fi shafar masu karanta wannan takarda a gida.

Muna alfahari da namu. Nelson Agholor a Legas aka haife shi, Philadelphia Eagles suka ɗauke shi a lamba ta 20 a 2015, ya cafe ƙwallo tara a Super Bowl ɗin da suka ci a Fabrairun 2018. Rome Odunze lamba ta 9 a 2024, Emeka Egbuka ta 19 a 2025, dukansu jinin Najeriya ne ta wajen uba. Amma waɗannan a Amurka suka tashi, sun bi sakandare da jami'a, suna da takardun zama da dangi a kusa. Yaran da ake kwasowa yanzu ta shirinku na 'yan wasan ƙetare, wanda ya fara a 2017, lamarinsu daban ne. A 2023 shida daga cikin takwas da aka raba wa ƙungiyoyi 'yan Najeriya ne, wasunsu ba su taɓa buga cikakken wasa ba kafin su sauka a Amurka. Na ga farin cikin CJ Okoye, ɗaya daga cikinsu, ran da ya kayar da mai jefa ƙwallo a wasansa na farko da rigar Chargers, na yi masa guɗa a ɗakina. Ina kuma girmama Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasanku ɗan asalin Najeriya, bisa wahalar da yake yi don buɗe wa ƙannensa hanya. Tun 2024 kun ba kowace ƙungiya ƙarin gurbi na 17 domin ɗan ƙetare. Sai dai a ina gurbin yake? A rukunin atisaye, wato wurin nan da zamansa ba ya kai mutum ga fansho.

Louis Rees-Zammit fitaccen ɗan wasan zari-ruga ne na Wales, yana cikin mafiya gudu a wasansu. Ya bar shi a farkon 2024 ya shigo shirinku, ya je Kansas City Chiefs, ya koma Jacksonville Jaguars a matsayin mai cafe, ya tafi a 2025 bai buga ko wasa ɗaya na ainihin kaka ba. Shi yana da inda zai koma, ƙungiyar Bristol ta karɓe shi. Saurayin da ya bar jami'a a Legas ko Kumasi yana aji biyu, wanda izinin zamansa a Amurka ke rataye da aikin, in aka sallame shi da gwiwa ɗaya me zai koma ya tarar? Duk unguwa ta riga ta ji cewa ya tafi Amurka ya zama mai kuɗi, ƙanne suna jiran kuɗin makaranta.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo, kuma roƙon ya haɗa da shugabannin NFLPA, domin da hannunsu aka rubuta yarjejeniyar kuma muryar yaran da ke ƙasa ba ta cika kaiwa teburinsu ba.

A lissafa kakar rukunin atisaye cikin kakannin da ke kai mutum ga fansho da inshora. In ba za a ba ta cikakken matsayi ba, a ba ta rabi. Duk wanda aka yi wa tiyata saboda raunin da ya samu da rigar wata ƙungiyarku, ko kwana goma ya yi, a ɗauki nauyin wannan gaɓar har ƙarshen rayuwarsa. Ba kyauta muke nema ba, a bakin aikinku ya same shi. A buɗe wa duk wanda ya taɓa sa hannu a kwantiragin NFL damar ganin likitan ƙwaƙwalwa duk bayan shekara biyu ba tare da ya biya ba, a kuma haɗa da likitan damuwa, domin na ga yadda saurayin da ya shekara 15 bai san komai ba sai wasa yake zama shiru a ɗaki bayan an sallame shi.

A sa wa'adi a rubuce na mayar da duk filaye ciyawa ta gaske. A jingine maganar wasa na 18 har sai an daidaita waɗannan, kuma kada a mai da lafiyar tsofaffin 'yan wasa abin ciniki, a ce sai an ba ku ƙarin wasa za ku bayar.

Game da Afirka, kafin yaro ya hau jirgi a ba iyayensa takarda da harshen da suke ji, Hausa ko Yarbanci ko Ibo ko Tiwi ko Swahili, wadda ta faɗi mutum nawa aka ɗauka a shirin tun 2017, nawa suka buga ainihin wasa, nawa suka cika kaka uku, da abin da likitoci suka sani game da CTE. Alƙaluman suna hannunku. A ajiye wa kowane yaro kuɗin kammala karatunsa a asusun da ba ya taɓuwa sai don makaranta, da kuɗin jirgin komawa gida, da inshorar da za ta yi masa aiki a asibitin ƙasarsu. Sannan a fi ba da ƙarfi ga wasan cire tuta, nau'in wasan nan da ake fizge ƙyalle daga ƙugun ɗan wasa maimakon a kayar da shi, wanda babu karo a cikinsa kuma zai shiga gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028, musamman ga ƙananan yara a garuruwan da likitan ƙwaƙwalwa ke wuyar samu.

Ɗana bai san ina rubuta wannan ba sai da na kusa gamawa. Da na karanta masa, ya yi shiru, sannan ya ce kada in rubuta kamar yana nadama, domin har yau yana son wasan, kuma shi ke horar da yaran unguwarmu cafe duk Asabar. Na rubuta yadda ya ce. Ƙaninsa yana aji biyu na sakandare, ya fi shi gudu, kuma takardar izinin buga kaka mai zuwa tana kan teburina ban sa hannu ba tukuna.

Idan kai ko wakilinka za ku zo Houston, mu iyayen nan a shirye muke mu zauna da ku, za mu zo da takardun asibitin yaranmu. Idan kuma a rubuce za ku amsa, za mu fassara amsar zuwa Hausa mu buga ta a inda aka buga wannan, ba tare da mun rage kalma ɗaya ba.

Na gode da sauraro. Allah ya ja zamaninka.

Taka cikin girmamawa,
Mahaifiyar wani tsohon mai cafe ƙwallo,
Houston, Texas.